Ni da ɗana muka koyi haɗa baƙi a tabarma ɗaya

Assalamu alaikum. Na daɗe ina ja da baya a kan ba da wannan labari, saboda akwai kunya a cikinsa, kuma kunyar tawa ce ni kaɗai. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne yadda na lura iyaye da yawa suna cikin halin da na shiga, kowa ya ja ƙofarsa ya rufe yana zaton shi kaɗai ne.

Na gama aji shida na firamare ban iya karatu ba. Kullum ina zuwa makaranta, ba na fashi, ba na makara. Allah ya ba ni kaifin hadda, kuma haddar ce ta cuce ni. Malami zai karanta shafi sau biyu, mu amsa da ƙarfi, kafin a tashi na riƙe shi tsaf. In aka ce in miƙe in karanta, sai in dubi hoton da ke saman shafin, in tuno maganar da ke tafiya da shi, in zubo ta kamar ruwa. Har yatsa nake ja a kan layi don a ga da gaske nake. Ina aji huɗu asirina ya tonu. Wani sabon malami ya rubuta jimlar da ba ta cikin littafinmu a allo, ya nuna ni. Na tsaya ina kallon alli a kan baƙin allo, ban san ta ina ake shiga ba. Ya yi mini bulala shida, ya ce mini daƙiƙiya, aji ya kwashe da dariya. Zafin bulalar ya tafi kafin yamma. Kalmar kuwa ta bi ni har ɗakin aurena.

Daga ranar na koma bencin baya, na kuma koyi sana'ar ɓuya. Na girma na koyi ɗinki, ina karanta lambobin awo ba kuskure, ina gane sunana da wasu kalmomin da idona ya saba da kamanninsu. Sauran kuwa dabara ce. In aka miƙo mini takarda in ce idona na yaji. Da waya ta zo, saƙon murya ya rufa mini asiri shekara da shekaru. Mijina, Allah ya jiƙansa, ya gane tun watannin farko, bai taɓa furtawa ba. In takarda ta zo daga makaranta sai ya ce, "Kawo in gani, hannunki da aiki." Shi ke zama da yara su yi aikin gida, ni kuma ina gefe a kan keke ina jin su, raina a kwance.

A ƙarshen 2019 ya rasu bayan gajeriyar jinya. Ya bar mini yaro ɗan shekara takwas da yarinya 'yar shekara huɗu. Ban gama dawowa hayyacina ba korona ta shigo, a watan Maris na 2020 aka fara rufe makarantu a ƙasashe da dama, tamu ma aka rufe. Aka ce iyaye su riƙa bita da yara a gida.

Wata safiya na ce wa yaron ya ɗauko littafinsa ya karanta mini. Ya buɗe, ya zubo shafin nan ba tuntuɓe, yana jan yatsa a kan layi. Gabana ya faɗi, don na san wannan yatsan. Na lura bakinsa ya riga yatsan isa ƙarshe. Sai na rufe hoton da tafin hannuna, na buɗe can tsakiyar littafin, na nuna wata kalma da ni ma ban san ta ba na ce, "Wannan fa?" Ya yi shiru. Ya kalli fuskata, ya kalli hannun da na rufe hoton da shi, ya ce "mota." Na nuna wata, ya ce "yaro." Canke yake yi.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da har yau ba na son tunawa. Na mare shi. Na ce masa kalmar nan, ita dai wadda aka ce mini, da irin muryar da aka faɗa mini ita. Bai yi kuka da ƙarfi ba. Ya tattara littafinsa ya shige ɗaki, ya kwana uku ba ya haɗa ido da ni. Ni kuma na kwana ina juyi, ina cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ga shi ni ban yi gudu ba, ɗana ma rarrafen ya gada. Na ɗauka abin a jini yake.

Akwai wata dattijuwa kusa da mu da ta yi shekaru tana koyar da 'yan aji ɗaya kafin ta yi ritaya. Ta kawo mini ɗinki, ta ga idona a kumbure, ta tambaya. Na ba ta rabin labari, na ce yaro ne ya ƙi karatu. Ta ce in kira shi. Ba ta karɓi littafinsa ba. Ta yagi takarda ta rubuta kalmomi uku, daga baya na san abin da ta rubuta: nubo, rizu, tefo. Yaro ya kasa, sai ta karanta mana su da bakinta. Na ce, "Malama, ai waɗannan ban taɓa jin su ba, wane yare ne?" Ta yi dariya ta ce ba yaren kowa ba ne, ita ta ƙirƙira. Ta ce kalmar da babu ita ba a haddace ta, ba a kuma canke ta daga hoto, sai wanda ya san sautin kowane harafi ne zai iya furta ta. Ta ce a Ingila tun 2012 ake yi wa yara 'yan wajen shekara shida irin wannan gwaji, kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira ne, don a gane wanda ke karatu da wanda ke hadda tun abin bai yi nisa ba.

Sannan ta tambaye shi sunan harafin farko a kalmar "baba." Ya ce "bi." Na biyu fa? Ya ce "e." Ta ce to haɗa su. Ya ce "biye." Ta juyo gare ni ta ce, "Kin ji matsalar, 'yata? Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. An koya masa sunayen haruffa da waƙa, kuma da Turanci, ba a koya masa muryarsu ba. Sunan harafi daban, abin da yake faɗa a cikin kalma daban." Ina tsaye riƙe da almakashi, sai na ji kamar da ni take. Shekara sama da ashirin ina ɗauke da sunayen haruffan nan a kaina, ba wanda ya taɓa ce mini suna da murya.

Da yaron ya fita na rufe ƙofa na faɗa mata ragowar labarin. Na yi zaton za ta yi salati ta riƙe haɓa. Cewa ta yi, "To ai kin huta, ku biyu za ku yi ajin."

Ba ta ba ni littafi ba. Ta ce makon farko kada mu taɓa fensir, kunne ake fara buɗewa kafin ido. Muka riƙa wasan tafi: a faɗi kalma a tafa mata gaɓa-gaɓa, ta-kal-mi tafi uku, gi-da tafi biyu. Muka riƙa neman abubuwan da ke cikin ɗaki masu farawa da sauti ɗaya: madubi, mafici, makulli. In ja kalma a hankali, "rrr-aaa-nnn-aaa," shi kuma ya gano me na ce. Na raina wannan wasa da farko, na ga kamar ɓata lokaci ne ga yaro ɗan shekara takwas. Sai ga shi an tambaye shi sautin da ke farkon "sanda" ya kasa cire shi daga jikin kalmar. A kunnensa kalma dunƙule take kamar dutse, bai san ana fasa ta ba. Ni ma haka.

A cikin makon ne na yi abin da ya fi komai wuya. Muna zaune na ce masa, "Ka yafe mini marin da na yi maka. Ni ma ban iya karatu ba." Ya zuba mini ido. Ya ce, "Umma, to wa yake karanta miki saƙo?" Na ce Abbanka. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya matso ya gyara mini wuri a tabarmar. Ba mu sake maganar ba.

Mako na biyu muka tara murafun kwalba, Malama ta rubuta harafi ɗaya a kan kowanne. Ba ta bi jerin a, b, c ba. Ta zaɓo guda shida: a, i, m, b, k, n. Ta ce dalili shi ne yaro ya ga amfanin wahalarsa tun ranar farko, don da waɗannan kaɗai ana rubuta mama, baba, kaka, ina, mana, baki. Ta ja kunnena a kan abu ɗaya: in na nuna "m" kada in ce "ma," in rufe leɓe in ce "mmm" kawai, in ba haka ba yaro zai karanta "mi" ya ce "mai." Sai a ajiye baƙi a nan, wasali a can, a riƙa turo su suna matsowa, muryar tana jan ta, har su haɗu su ba da gaɓa. Ranar da ya jera k, a, k, a da hannunsa, ya ja sautukan, ya tsaya, sannan ya ɗago ya ce "kaka!" da mamaki kamar kalmar ce ta yi masa magana, na juya baya ina gyara zare don kada ya ga fuskata. Ni na riga shi karantawa da kamar daƙiƙa biyu, a zuci, kuma ita ce kalma ta farko da na taɓa karantawa ba da hadda ba.

Wasan da ya fi kama shi shi ne na sauya murfi ɗaya. Gida ya zama gada, gada ta zama gaba, gaba ya zama raba. Kaka, kara, kura, kuka. A nan ne ya gane kowane harafi aiki yake yi, ba ado ba ne. Kuma duk abin da muka karanta sai mun rubuta shi a shifta, ni in faɗa masa ya rubuta, shi ya faɗa mini in rubuta. Minti goma sha biyar ne a rana, bayan sallar asuba kafin kai ya ɗau zafi. Malama ta hana mu wuce haka. Ta ce a tashi yaro yana marmari ya fi a tashi yana hamma. Sau da yawa ni ce mai son ƙarawa, don ni yunwar shekara ashirin nake ji.

Da Hausa muka fara, ko da yake littattafan makarantarsa yawanci na Turanci ne, kuma na yi gardama a kan haka. Ta ce mini Turanci haruffansa 26 ne amma sautukansa sun kai wajen 44, harafi ɗaya sai ya yi murya biyu ko uku, kamar "c" da wani lokaci ya yi ƙarar "k" wani lokaci ta "s." A Hausa kuwa "c" ɗin da ke "ci" shi ne a "cika," wasula biyar ne, kusan abin da ka ji shi za ka rubuta. Ga shi kuma harshen da yaro ke mafarki da shi ne, in ya haɗa kalma zai san ya isa don ya san ma'anarta. Dabarar haɗa baƙi sau ɗaya ake koyon ta, in ta zauna sai a ɗauke ta a kai wani harshen. Haka kuwa aka yi, ko da yake Turancin ya ba shi wuya fiye da yadda ta nuna mini zai ba shi.

Kada a ɗauka tafiyar ta miƙe. A wata na uku muka iso wurin bambance b da d, ga kuma 'yan uwansu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ. Komai ya rushe. Ya rubuta "bawa" a maimakon "dawa," ya karanta "ɗaki" ya ce "ɓaki." Kwana goma muna wuri ɗaya. Wata safiya na ji muryata ta fara hawa, na ga kafaɗunsa sun ɗage yana jiran hannu. Na miƙe na fita tsakar gida na tsaya har numfashina ya dawo. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: in na ji zuciya ta taso, darasi ya ƙare, ko minti biyu muka yi.

Malama ta ɗauko takalmi ta juya shi dama, ta juya shi hagu, ta ce menene wannan? Ya ce takalmi. Ta ce to tun da aka haife shi ƙwaƙwalwarsa ta koyi cewa abu ko ina ya fuskanta shi ne dai, sai ga haruffa sun zo da sabuwar doka, wai in cikinka ya dubi dama kai "b" ne, in ya dubi hagu kai "d" ne. Ta ce yawancin yara suna wannan juyi har wajen shekara bakwai, ba ciwo ba ne. Ta sa muka ajiye "d" gaba ɗaya na mako biyu. Muka zuba rairayi a faranti yana zana "b" da yatsa, sanda tukuna sannan ciki, yana furta sautin. Sai da hannunsa ya haddace ta kafin muka dawo da ɗayar. Masu lanƙwasa kuma ma'ana ce ta koya masa su: baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata. Da ya ga ɗan ƙugiyar nan na iya mayar da baƙin gida su zama bakin mutum, dariya ta sa bai sake mantawa ba.

Ita ce kuma ta lura yana karkato kunnen dama in ana magana, ta ce in kai shi a duba kunne da ido. Idon lafiya lau. Kunnen hagu kuwa a toshe yake, ragowar ciwon da ya sha yana ƙarami, wanda na ɗauka ya wuce tun da ya daina zubar da ruwa. Aka yi masa magani. Ban ce shi ne dukan matsalar ba, amma yaron da ke bencin baya da kunne ɗaya, yaya zai bambance "s" da "ts"? Ta kuma faɗa mini akwai yaran da ko an yi musu komai daidai karatu zai ci gaba da yi musu nauyi, ana kiran abin disleksiya, kuma ba shi da alaƙa da ƙarancin basira. Ta ce tun 1896 wani likita a Ingila ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14, mai kaifin kai, gwanin lissafi, amma rubutu ya gagare shi. Irin waɗannan su ma hanyar sauti ce maganinsu, sai dai suna buƙatar maimaici mai yawa da ƙwararre a kusa.

Rubutunsa ya fi karatunsa jinkiri. Da farko wasula yake haɗiyewa, ya rubuta "gda." Da wannan ya wuce sai baƙi mai nanatuwa: "hanu," "kune," "sanu." Tafin nan na makon farko ne ya cece mu, han-nu, kun-ne, lit-ta-fi, ya ji da kunnensa cewa akwai baƙin da ke rufe gaɓa da wanda ke buɗe ta gaba. Na koyi kada in cika takardarsa da jan biro. In ya yi kuskure sai in ce ya karanta mini abin da ya rubuta daidai yadda ya rubuta shi, yawanci kafin ya kai ƙarshe ya gano da kansa. Raba kalmomi kuwa, irin su "shi ne" da "yana" da "ba ni," har yau ni da shi muna tuntuɓe a kansu, kuma na ga manyan masu digiri ma suna yi.

Akwai abin da ban iya yi masa ba a lokacin, wato in karanta masa dogon labari da dare, kamar yadda Malama ta so. Sai na riƙa ba su labari da ka, in tsaya a tsakiya in tambaye su me suke ganin zai faru, me ya sa wane ya yi kaza. Ta ce hakan ma karatu ne, don wanda ya iya furta kalma bai san ma'anarta ba rabin hanya ya zo. Ƙanwarsa tana gefe duk wannan lokaci tana wasa da murafun da muka gama da su. Ban taɓa zaunar da ita ba. Tana shekara biyar da rabi na ji ta tana haɗa rubutun da ke jikin kwalin zarena.

A 2022 ina ɗinki rediyo na kunne, na ji rahoton Bankin Duniya cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi, kafin korona kuma kashi 57 ne. Na tsayar da keken. Na tuna ajinmu da dariyar da aka yi mini, na fara lissafin nawa ne a cikin masu dariyar su ma hoton saman shafi suke kallo.

A shekarar ne kuma ina kwashe tsofaffin littattafan yaron na ci karo da na aikin gidansa na aji biyu. A bangon baya akwai rubutun mahaifinsa. Na sha ganin sa, na ɗauka sa hannu ne irin na iyaye. Na zauna a bakin gado na haɗa shi gaɓa-gaɓa, don rubutun nasa a kwance yake: "Malam, don Allah a duba mini yaron nan. Ina ganin hadda yake yi, ba karatu ba. Zan shigo mu yi magana in na ji sauƙi." Kwanan watan da ke ƙasa mako uku ne kafin rasuwarsa. Ban kira kowa ya karanta mini ba. Na maimaita shi sau huɗu, na ninke bangon na sa a cikin akwatina.

Yanzu yaron yana sakandare. Ba shi da sauri a karatu, in aka ba su shafi ana riga shi gamawa, amma in ya gama ya san abin da ke ciki, kuma in ya haɗu da baƙuwar kalma ba ya kallon fuskar kowa, fasa ta yake yi. Malama ta tsufa sosai, idonta ya yi rauni, shi ke zuwa ya karanta mata takardar magani. Murafun suna nan a cikin gwangwani, yaran maƙwabta uku ke zuwa da safe muna yi, uwar ɗaya daga cikinsu kuma takan tsaya a bakin ƙofa wai jiran ɗanta take, ina ganin leɓenta na motsi. Ban ce mata komai ba tukuna, na dai fara ajiye kujera a wurin.

Wannan rubutu da hannuna na buga shi a waya, ya ɗauke ni dare tara. Da na gama na ba yaron ya duba. Ya samo mini wurare goma sha ɗaya da na manta lanƙwasar ƙ, ya ce, "Umma, kin mayar da ƙofa kofa har sau biyu," ya miƙo mini wayar ya ce in gyara da kaina.